Kada Bincike Ya Haɗiye Mutum: Yadda Ake Haɗa LIKE da NULL a Rajistar Jama'a

A duk rajistar jama'a da ake yi a Sabon Birni da Isa, ko ta manoman fadama ce, ko ta masu zuwa asibitin karkara, ko ta 'yan gudun hijira da ake raba wa abinci, gurabe uku ne suka fi zama fayau: lambar waya, lambar NIN, da sunan ƙauye. Ba lalacin masu rubutu ke jawo haka ba. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga ke tayar da ƙauyuka a gabashin Sakkwato. Wasu sun tattaro cikin garin Sabon Birni da na Isa, wasu sun tsallaka Gidan Rumji da Madarumfa a jihar Maraɗi, wurin 'yan'uwansu Gobirawa. Wanda ya fita da tsakar dare bai tsaya neman takarda ba. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu. Sannan idan ka tambayi mace ina ne ƙauyenta, tana iya tsayawa ta dube ka: wanda aka ƙone, ko wanda take kwana a ciki yanzu? Ma'aikacin da bai san wanne zai rubuta ba, sai ya tsallake gurbin.

Gurbin nan da aka tsallake, idan bayanan suka shiga rumbun kwamfuta irin PostgreSQL, MySQL ko SQLite, shi ake kira NULL. Akwai kuma wata hanyar rubuta bincike da kusan kowane sabon mai haɗa manhaja ke farawa da ita, wadda ke ɓatar da duk mai NULL daga allo, kwamfuta ba ta yi ko tari ba. Mutum yana cikin rumbun, amma bincike ba ya fito da shi. Waɗanda ke ɓacewar kuwa su ne marasa waya, marasa katin ɗan ƙasa, da waɗanda ƙauyensu ya watse, wato ainihin mutanen da aka buɗe rajistar dominsu.

Yadda ɓatan ke faruwa

Mu ɗauki ƙaramin tebur mai suna mutane. Kowa a cikinsa yana da suna, don haka ban nuna wannan ginshiƙin ba:

```
lamba | hukuma      | kauye    | waya
101   | Sabon Birni | Gatawa   | 0803…
102   | Sabon Birni | Gangara  | NULL
103   | Isa         | NULL     | 0706…
104   | Isa         | Kamarawa | ''
105   | Sabon Birni | NULL     | NULL
```

A dubi layi na 104 da kyau. Abin da ke gurbin wayarsa ba NULL ba ne, rubutu ne mara harafi ko ɗaya. A allo iri ɗaya suke da na 102, amma a wurin rumbun bayanai abubuwa biyu ne daban.

Fom ɗin bincike yana da akwati uku: suna, ƙauye, waya. Ma'aikaci zai cika wanda ya ga dama ya bar sauran. Mai haɗa manhaja sai ya yi tunanin cewa tunda alamar % a cikin LIKE tana nufin "kowane irin rubutu, ko da babu komai", to akwatin da aka bari zai dace da kowa. Sai ya rubuta:

```
SELECT * FROM mutane
WHERE suna  LIKE '%' || :suna  || '%'
  AND kauye LIKE '%' || :kauye || '%'
  AND waya  LIKE '%' || :waya  || '%';
```

Ka bar akwatunan duka fayau ka danna. Hankali zai ce mutum biyar za su fito. Biyu ne za su fito, 101 da 104.

Ƙaddara ranar tantancewa ce. Ma'aikaci na zaune gindin bishiya a harabar firamare, kwamfuta a cinya, layi ya miƙe har bakin ƙofa. Wata dattijuwa ta iso.

"Mi as sunanki, Inna?"

Ta faɗa. Ya buga a akwatin suna, bai taɓa sauran ba, ya danna. Allo fari fat.

"Inna, ba ki ciki."

"Ɗana, duba da kyau. Ran da aka yi rubutu ina nan, har hoto an ɗauke ni."

Ya sake bugawa, ya canza harafi ɗaya, ya ƙara dannawa. "Ki yi haƙuri, Inna, ki ɗan koma gefe."

Babu maƙaryaci a cikinsu. Ita ce lamba 102. Ba wanda ya tambayi wayarta, amma sharaɗin waya yana nan yana aiki a ɓoye, kuma shi ya fitar da ita.

Dalilin yana cikin tushen SQL. E. F. Codd, ma'aikacin IBM da ya fito da tsarin rumbun bayanai mai tebura a 1970, shi ya kawo shawarar a ware wata alama ta musamman don abin da ba a sani ba, kuma tun ƙa'idar SQL ta farko a 1986 alamar ke nan. Saboda ita, kowace tambaya a SQL tana da amsa uku maimakon biyu: gaskiya, ƙarya, da ba a sani ba. NULL kamar buhu ne da aka ɗinke bakinsa aka ajiye maka. A ce gero ne ciki? Ba ka sani ba. A ce ba gero ba ne? Ba ka sani ba. A kawo wani buhun ɗinkakke a ce abu ɗaya ne a cikinsu? Nan ma ba ka sani ba. Rubutu mara harafi kuwa buhu ne buɗaɗɗe da ka leƙa ka ga babu komai. Shi ya sa `'' LIKE '%%'` gaskiya ne, amma `NULL LIKE '%%'` ba a sani ba ne. WHERE kuma ba ya barin layi ya wuce sai amsarsa ta zama gaskiya tsantsa.

Akwai kashi na biyu na matsalar, kuma shi ne ya fi saurin bayyana. A sama mun ɗauka akwatin da aka bari yana isa rumbun a matsayin rubutu mara harafi. Wasu manhajojin NULL suke aikawa. A PostgreSQL da SQLite, duk abin da aka liƙa da NULL ta hanyar || yana komawa NULL, don haka `'%' || NULL || '%'` gaba ɗayansa NULL ne, kuma ba layi ko ɗaya da zai fito. Wannan da sauƙi, domin ranar farko za a gane. Na farkon ne mugu, saboda yana fito da mutane da yawa, kowa ya ɗauka aiki na tafiya.

Ke nan fanko iri biyu muke fama da su, kuma dole a raba su a kai kafin a taɓa madannai: fankon akwatin bincike, wanda ke nufin "ban tambayi wannan ba", da fankon gurbin rajista, wanda ke nufin "ba mu da wannan bayanin".

Gyaran

Dokar ɗaya ce: akwatin da ba a cika ba, sharaɗinsa kada ya yi aiki sam. Ba a neman abin da zai dace da kowa, cire sharaɗin ake yi.

Da farko a daidaita abin da ke shigowa. Ma'aikaci na iya taɓa madannin tazara ba da niyya ba, akwati ya zama kamar fayau alhali akwai tazara ɗaya a ciki. A goge tazarar gefe da gefe, idan ba abin da ya rage a mayar da shi NULL. A cikin manhaja ya fi dacewa a yi haka, amma a SQL ma ana yi da `NULLIF(TRIM(:waya), '')`. Daga nan:

```
SELECT * FROM mutane
WHERE (:suna  IS NULL OR suna  LIKE '%' || :suna  || '%')
  AND (:kauye IS NULL OR kauye LIKE '%' || :kauye || '%')
  AND (:waya  IS NULL OR waya  LIKE '%' || :waya  || '%');
```

Idan akwatin waya fayau ne, `:waya IS NULL` gaskiya ne, kuma gaskiya da aka haɗa da komai ta hanyar OR gaskiya ce, ko da abokin haɗin "ba a sani ba" ne. Lamba 102 ta dawo.

Bakan da ke kewaye da kowane sharaɗi ba ado ba ne. AND yana ɗaurewa kafin OR. Idan ka cire bakan, rumbun zai karanta umarnin a wani tsari daban, ta yadda da zarar akwatin suna ya zama fayau, sharaɗin farko shi kaɗai ya wadatar, rajista duka ta zubo ko da ka rubuta Gatawa a akwatin ƙauye.

Mutane da yawa, da sun ji labarin COALESCE, wanda ke ɗaukar ƙima ta farko da ba NULL ba, sai su garzaya gare shi. A nan a yi hattara, domin siffofinsa biyu da suka fi yawo ba sa gyara komai. `waya LIKE COALESCE(:waya, '%')` ya magance fankon akwati kawai, mai NULL a rajista yana nan a ɓace. `waya LIKE COALESCE(:waya, waya)` ya fi kama da dabara, wai a gwada gurbin da kansa, amma ga lamba 102 abin da ake tambaya shi ne `NULL LIKE NULL`, amsar kuma ba a sani ba. Siffar da ke aiki ita ce wadda ta rufe ɓangarorin biyu:

```
COALESCE(waya, '') LIKE '%' || COALESCE(:waya, '') || '%'
```

Ga rajistar mazaɓa ɗaya a kan SQLite, wannan ya isa. Ni dai na fi son ta IS NULL, saboda duk wanda ya gaji aikin bayanka zai karanta ya gane nufinka nan take, kuma ba ta shafe bambancin 102 da 104. Siffar COALESCE ɗin ga Oracle ma ba ta aiki, domin shi rubutu mara harafi da NULL abu guda ne a wurinsa.

Tunda an ambaci Oracle, kowane rumbu da halinsa wajen liƙa rubutu. Oracle yana tsallake NULL a ||. A MySQL, || ba liƙi ba ne a tsarinsa na asali, OR yake nufi, sai a yi amfani da CONCAT, wanda ke komawa NULL idan ɗaya daga cikin abubuwan NULL ne. CONCAT na PostgreSQL da na SQL Server kuwa tsallake NULL suke yi. Suna ɗaya, hali biyu. A PostgreSQL wani lokaci za a ce maka an kasa gane nau'in faramita, sai ka rubuta `CAST(:waya AS text) IS NULL`. Masu PHP da PDO a kan MySQL su sani cewa idan an kashe kwaikwayon shirya umarni, ba a maimaita sunan faramita ɗaya sau biyu, sai a ba na biyun wani suna. Ofisoshin da har yanzu ke kan Microsoft Access su ma abin ya shafe su: `Like "*" & [kauye] & "*"` yana zubar da masu Null, maganin kuma a ƙara `Or [kauye] Is Null`, inda kauye a nan sunan akwatin fom ne ba na ginshiƙi ba.

Idan an cika akwatin fa?

Nan ne aikin ya daina zama na mai kwamfuta shi kaɗai. Ma'aikaci ya rubuta Gangara a akwatin ƙauye. Lamba 105 ɗan ƙaramar hukumar Sabon Birni ne, amma ba a rubuta ƙauyensa ba. Yana iya zama ɗan Gangara. Ya fito ko kada ya fito?

SQL ba shi da amsar wannan. Ya danganta da abin da ake yi da sakamakon. Idan ƙidaya ake yi don a san mutum nawa suka fito daga Gangara, kada ya shiga, in ba haka ba lissafi ya kumbura. Idan kuwa mutum ne tsaye a gabanka ana neman sunansa, barin sa a waje zalunci ne. Abin da ya dace shi ne a mayar da zaɓin hannun mai bincike. A sa ƙaramin akwatin dannawa a fom, a rubuta masa "haɗa da waɗanda ba a rubuta ƙauyensu ba":

```
AND (:kauye IS NULL
     OR kauye LIKE '%' || :kauye || '%'
     OR (:hada = 1 AND kauye IS NULL))
ORDER BY CASE WHEN kauye IS NULL THEN 1 ELSE 0 END, suna
```

Layin ƙarshe yana tura marasa ƙauye ƙasa, don kada su cakuɗe da waɗanda aka tabbatar. A allo kuma kada a bar gurbinsu fari, a rubuta "ba a rubuta ba", ma'aikaci ya gani ya tambaya ya cike tun mutumin yana gabansa. A shafin tantancewa, ra'ayina shi ne akwatin nan ya zo a danne tun farko.

NOT LIKE ma yana da wannan tarkon, kuma an fi mantawa da shi. A ce an gama da mutanen Gatawa, ana son jerin sauran. `kauye NOT LIKE 'Gatawa%'` zai kawo 102 da 104 kawai. Kishiyar "ba a sani ba" ita ma "ba a sani ba" ce, don haka 103 da 105 ba sa cikin 'yan Gatawa, ba sa cikin waɗanda ba 'yan Gatawa ba. Idan da jeri biyun nan aka tsara rabo, ba ranar da za a kira su. Daidai shi ne `(kauye NOT LIKE 'Gatawa%' OR kauye IS NULL)`.

Haka kuma liƙa suna. Sau da yawa ana ajiye sunan yanka, sunan uba da laƙabi a gurabe daban, sai a haɗa su wuri guda don bincike: `suna || ' ' || uba || ' ' || lakabi`. Duk wanda ba shi da laƙabi, cikakken sunansa ya zama NULL, ko ka buga sunansa daidai ba zai fito ba. `CONCAT_WS(' ', suna, uba, lakabi)` yana tsallake wanda babu. Yana nan a PostgreSQL da MySQL, SQL Server ya samu a fitowar 2017, SQLite kuma daga 3.44 ta 2023. A wanda ya girmi haka, a naɗe kowane gurbi da COALESCE.

Neman marasa waya kai tsaye kuwa da `waya IS NULL` ake yi. `waya = NULL` ba ya taɓa kawo kowa. Wannan jeri yana da amfani ƙwarai: idan da saƙon tes za a sanar da ranar rabo ko ranar rigakafi, waɗannan su ne za a kai wa mai unguwa sunayensu, ko a yi musu shela a masallaci.

NULL na ƙarya

Bayanan yankin nan galibi da waya ake tattara su, ta KoboToolbox ko ODK Collect, a sauke su a Excel ko CSV, sannan a loda cikin rumbu. A wannan tafiya fanko yakan canza kama. Wani ya iso a NULL, wani a rubutu mara harafi. Idan kuma an tilasta cika gurbin a fom, ma'aikaci ba zai iya wucewa ba sai ya rubuta wani abu, sai ka tarar da "babu", "nil", "N/A", layin tsaga, ko sifili goma sha ɗaya. `IS NULL` ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Excel kuma, idan ya ɗauki lambar waya a matsayin adadi, yana cinye sifilin farko, 0803 ta koma 803, sai `LIKE '0803%'` ya rasa ta. Lambar Nijar mai alƙaluma 8 ita ma takan faɗi a fom ɗin da aka ce sai 11, mai ita ya koma cikin marasa waya alhali yana da ita.

Bayan an ajiye kwafin rumbun a gefe, a share:

```
UPDATE mutane SET waya = NULL
WHERE LOWER(TRIM(waya)) IN
  ('', 'babu', 'nil', 'n/a', '-', '0', '00000000000');
```

Sai dai kafin a danna, a tsaya a kan kalmar "babu". Ma'aikacin da ya rubuta ta ya tambaya, an ba shi amsa. Wannan bayani ne, ba jahilci ba. Codd da kansa, a littafinsa na 1990, ya nemi a raba alamar gida biyu, abin da yake akwai amma ba a san shi ba, da abin da bai shafi mutumin ba sam. SQL bai ɗauki shawarar ba, amma kai kana iya yi da ginshiƙi ɗaya, ka kira shi halin_waya: tasa ce, ta wani ce, babu, ba a tambaya ba. Na biyun yana da muhimmanci a ƙauyukanmu, inda gida biyar ke ba da lambar ɗa ɗaya ko ta mai shagon caji. A cika wannan ginshiƙin daga rubutun da ke nan, sannan a share.

NIN ma haka. Idan an sa wa ginshiƙin dokar UNIQUE don hana rajista biyu, rubutu mara harafi sau ɗaya kawai zai shiga, mutum na biyu mara NIN a ƙi shi, ma'aikaci ya fara ƙirƙiro lambobi. NULL kuwa yana maimaituwa a ƙarƙashin UNIQUE a PostgreSQL, MySQL, SQLite da Oracle. SQL Server ne ke karɓar guda ɗaya tak, sai an yi masa fihirisa mai sharaɗin `WHERE nin IS NOT NULL`.

Gina umarnin a cikin manhaja

Idan akwatunan bincike sun yi yawa, ko rajista ta girma ta haɗa Isa, Sabon Birni, Goronyo da Wurno, ya fi kyau manhaja ta gina umarnin da sharuɗɗan da aka cika kawai. Rumbun ya fi iya zaɓar hanya mai sauri idan bai ga tarin OR ba. Ga shi a Python da SQLite:

```
def tsare(r):
    return (r.replace('!', '!!')
             .replace('%', '!%')
             .replace('_', '!_'))

sharudda, kimomi = [], []
for ginshiki, r in (('suna', suna), ('kauye', kauye), ('waya', waya)):
    r = (r or '').strip()
    if r:
        sharudda.append(ginshiki + " LIKE ? ESCAPE '!'")
        kimomi.append('%' + tsare(r) + '%')

sql = 'SELECT * FROM mutane'
if sharudda:
    sql += ' WHERE ' + ' AND '.join(sharudda)
sql += ' LIMIT 50'
```

Sunan ginshiƙi daga cikin manhaja yake fitowa, abin da ma'aikaci ya buga kuwa ta alamar ? kaɗai yake shiga. Kada a taɓa liƙa shi kai tsaye cikin umarnin. A ko'ina ana faɗar haka don gudun masu kutse, amma mu muna da ƙarin dalili: sunayenmu cike suke da alamar ɗauri. Sa'adatu, Isma'ila, Mas'udu, 'Yar Bulutu. Wannan alama ita ce ke rufe rubutu a SQL, don haka sunan farko mai ita zai karya umarnin. Aikin tsare kuma shi ne hana % da _ da aka buga a akwati su zama alamun LIKE. Masu SQL Server da suka zaɓi tsayawa kan siffar IS NULL OR su ƙara `OPTION (RECOMPILE)` a ƙarshe.

LIMIT ɗin nan ban sa shi don sauri ba. Da muka gyara binciken, danna maɓalli da akwatuna fayau yana zubo rajista duka: suna, ƙauye, waya, wa aka ba kuɗi. A yankin da kowa ke tsoron infoma, kuma ake kiran dangi a waya don neman kuɗin fansa, wannan jeri ba abin da za a bari kowane mai riƙe da kwamfuta ya buɗe ba ne. A shafin ma'aikatan fili, a ƙi yin bincike sai an cika akwati ɗaya aƙalla da harafi uku, a kuma ɓoye tsakiyar lambar waya. Cikakken jeri ya zama na mutum ɗaya ko biyu da aka ba amana.

Game da sauri, LIKE da ya fara da % ba ya cin moriyar fihirisa ta yau da kullum, sai rumbun ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. A dubban layuka kaɗan ba za a ji ba. Idan an fara ji a PostgreSQL, ƙarin pg_trgm da fihirisar GIN yana magance shi.

Saura haruffanmu masu ƙugiya, domin su ma suna ɓatar da mutum kamar yadda NULL ke yi. Wani ma'aikaci ya rubuta Ɗan, wani Dan. LIKE na SQLite ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a haruffan Ingilishi, amma Ƙ da ƙ daban suke a wurinsa. Na PostgreSQL yana bambanta duka, sai an koma ILIKE. Wanda aka yi wa rajista a tsallaken iyaka kuma takardarsa na ɗauke da rubutun Faransanci, Ousmane maimakon Usman, Guidan maimakon Gidan, ga ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu muke rubuta 'y. A bar sunan yadda aka rubuta shi, a ƙara ginshiƙin bincike da aka sauƙaƙe. A PostgreSQL:

```
LOWER(TRANSLATE(suna, 'ƘƊƁƳƙɗɓƴ''’ʼ', 'KDBYkdby'))
```

Wannan yana miƙe ƙugiyoyi, yana kuma zubar da alamar ɗauri iri uku da madannan waya ke fitarwa. Abin da aka buga a akwati shi ma a bi da shi ta wannan hanya kafin a gwada. Rubutun Faransanci kuwa ya fi ƙarfin dokar musayar haruffa, gara a ba shi gurbinsa, a bincika da `(suna LIKE … OR wani_suna LIKE …)`. NULL a wani_suna ba ya cutarwa a nan, tunda OR ne ya haɗa su.

Gwaji kafin a fita fili

Fara da auna girman fankon:

```
SELECT COUNT(*), COUNT(kauye), COUNT(waya), COUNT(nin)
FROM mutane;
```

`COUNT(*)` yana ƙirga layuka duka, sauran kuwa suna tsallake NULL. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce adadin mutanen da bincike mara kyau zai iya haɗiyewa a kowane ginshiƙi.

Sannan a ajiye teburin gwaji mai layuka biyar ɗin nan, a bi shi duk lokacin da aka taɓa umarnin. Akwatuna duka fayau, ba tare da LIMIT ba: biyar. Tazara ɗaya a akwatin waya: biyar. Gangara a ƙauye: 102 kaɗai, idan kuma an danna akwatin haɗawa, 102 da 103 da 105. Alamar % ita kaɗai a akwatin ƙauye: babu kowa. Waɗanda suka dace da Gatawa da waɗanda ba su dace ba, idan an tara: biyar. Suna mai alamar ɗauri: ya fito ba tare da kuskure ba. A yi gwajin ta cikin fom ɗin da ma'aikata za su riƙe, ba ta tagar SQL kawai ba, domin a tsakanin fom da rumbu ne ake sanin ko akwatin da aka bari NULL yake aikawa ko rubutu mara harafi. Ranar da aka ɗauke rajistar daga SQLite na kwamfutar ofis zuwa PostgreSQL ko MySQL a Sakkwato, a sake bin gwajin tun daga farko, saboda || da CONCAT da bambancin manyan haruffa duk suna iya canza hali a sabon wurin.